Kayan abincin ajiya a ƙasar Hausa

Kayan abincin ajiya su ne nau'o'in abincin da iyali ke tanada a gida domin amfanin yau da kullum, waɗanda ke iya ɗaukar makonni ko watanni ba tare da sun lalace ba. A ƙasar Hausa, wato arewacin Najeriya da kudancin Nijar, sun haɗa da hatsi, wake, gyaɗa, mai, gishiri, kanwa da busassun kayan miya. A ƙauye ana ajiye su a rumbu, a birni kuma a sito ko a kabad ɗin kicin. Yawancinsu busassu ne, domin bushewa ita ce babbar hanyar adana abinci a yankin tun kafin zuwan firji.

Dalilin ajiya

Damina ɗaya ake yi a shekara a ƙasar Hausa, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, sannan a girbe yawancin amfanin gona tsakanin Satumba da Disamba. Abin da aka samu a kaka shi ake ci har wata kakar. Saboda haka hatsi kan yi araha bayan girbi, ya riƙa tashi a bazara, ya fi tsada a tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabon amfani bai nuna ba. Magidancin da ya sayi buhunansa a kaka yakan tsira daga wannan tsada, muddin abin da ya ajiye bai lalace ba. Ana sayen kayan da mudu, tiya, kwano ko buhu, kuma kasuwar Dawanau da ke Kano na cikin manyan kasuwannin hatsi a Afirka ta Yamma.

Hatsi da gari

Gero da dawa su ne tsofaffin abincin yankin. Da gero ake yin fura, kunu da koko, da dawa kuma ake tuƙa tuwo. Masara da shinkafa sun samu karɓuwa sosai, musamman a birane, inda tuwon masara, tuwon shinkafa da dafa-duka suka zama abincin kullum. Wasu gidaje suna ƙarawa da alkama, acha, garin rogo, fulawa da taliya.

Hatsin da ba a niƙa ba ya fi gari daɗewa. Gero da dawa da aka bari a zangarniyarsu, aka ɗaure su dami-dami a rumbu, suna iya wuce shekara. Da zarar an surfa an niƙa, sai kwanakinsu su ragu. Garin gero ya fi saurin canza ɗanɗano, domin yana da maiƙo fiye da na dawa, kuma maiƙon kan lalace idan iska ta shige shi. Shi ya sa matan gida ke kai niƙa kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da za a ci cikin ƴan kwanaki.

Wake da gyaɗa

Wake da gyaɗa su ne manyan hanyoyin samun furotin mai rahusa ga gidajen da ba sa cin nama kullum. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman irin waken da ake ci a yankin, Nijar na biye da ita. Da shi ake yin ƙosai, alale, ɗanwake da shinkafa da wake. Daga gyaɗa ake samun mai, ƙuli-ƙuli, tunkuza da kunun gyaɗa. Gyaɗar da ke cikin ɓawonta ta fi ɓararriya jure ajiya.

Kayan miya

Miyar Hausawa ta dogara ƙwarai da busassun kaya, abin da ke ba gida damar yin miya ko da babu ɗanyen ganye a kasuwa. Mafi shahara su ne:

Kuka: garin busasshen ganyen itacen kuka.
Kuɓewa: ana yanka ta a shanya, a daka lokacin buƙata.
Daddawa: ana yin ta da kalwa, wato ƴaƴan ɗorawa, bayan an dafa an bar ta ta ruɓa. Akwai kuma daddawar batso da ake yi da ƴaƴan yakuwa.
Barkono, tattasai da tumatir: ana shanya su a rani, lokacin da suka yi yawa a lambuna.
Kayan ƙamshi: citta, kanumfari, masoro, kimba da tafarnuwa.
Tsamiya da zoɓo: domin kunu da abin sha.

Mai, gishiri da kanwa

Man gyaɗa, manja da man shanu su ne man girki da aka fi sani. Zafi da hasken rana suna sa mai ya canza wari, don haka ake rufe shi a ajiye a inuwa. Gishiri da kanwa ba sa lalacewa idan ba su jiƙe ba. A tarihi, ayarin raƙuma ne ke kawo kantun gishiri daga Bilma da Fachi ta hanyar Agadez zuwa kasuwannin Hausa. A yau gishirin leda da ake sayarwa a Najeriya ana sa masa sinadarin aidin, wanda ke kare mutane daga ciwon maƙoƙo. Kanwa kuma ana amfani da ita wajen sa wake ya nuna da wuri da kuma ƙara wa miya yauƙi.

Abubuwan da ke lalata ajiya

Danshi, ƙwari da ɓeraye su ne manyan abokan gaban abincin ajiya, kuma illarsu ba ta tsaya ga asarar dukiya ba.

Danshi yana jawo funfuna. Wani nau'in funfuna mai suna Aspergillus flavus yana tsirowa a kan masara da gyaɗar da ba su bushe sosai ba, yana fitar da guba da ake kira afulatoksin. Dafuwa ba ta kawar da wannan guba, kuma yawan cin ta na haddasa ciwon dajin hanta. A shekarar 2004 mutane 125 suka mutu a Kenya bayan cin gurɓatacciyar masara. Masana sun ba da shawarar a busar da masara har ruwan jikinta ya sauka zuwa kusan kashi 13 cikin 100 kafin a zuba a buhu, a kuma tsince ƙwayoyin da suka canza launi.

Ƙwari sun fi damun wake. Suna yin ƙwai a jikinsa tun daga gona, kuma cikin ƴan watanni sukan huda buhu guda ya koma gari. Wannan ne ke sa wasu ƴan kasuwa zuba masa maganin ƙwari mai haɗari. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin daikulobos da aka samu a cikinsa.

Ɓeraye suna cin hatsi, suna kuma bar masa fitsari da kashi. Ta wannan hanya ce ake kamuwa da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu.

Hanyoyin adanawa

A gargajiyance ana gina rumbu da ƙasa ko da kara, a ɗora shi kan duwatsu domin kada danshin ƙasa da gara su kai ga hatsi, sannan a rufe shi da jinka. Wake kuwa akan cakuɗa shi da toka, yashi ko barkono a cikin tukunya, a liƙe bakinta.

Hanyoyin zamani sun ginu ne kan toshe iska, domin ƙwari ba sa rayuwa idan iskar da suke shaƙa ta ƙare. Ana amfani da jarka, durom ko bokiti mai murfi, a cika shi taf a rufe. Daga shekarar 2007 aka fara yaɗa buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar tare da masu bincike na Afirka. Yana da leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, kuma yana adana wake watanni da dama ba tare da magani ba.

A cikin gida, ana ɗora buhuna kan katako nesa da bango, a raba abinci da kananzir, sabulu da maganin ƙwari, a kuma fara cinye tsohon kaya kafin a taɓa sabo.