Muƙalar Mako: Jar Tawada a Littafin Yaƙin Faransa

A wannan makon za mu leƙa birnin Paris na shekarar 1647, mu duba wani littafin soja wanda masana tarihin ɗab'i ke ambato har gobe.

Sunan littafin Le Mareschal de bataille, marubucinsa kuwa wani hafsa ne mai suna Lostelneau, daga rundunar da ke tsaron sarki. A lokacin Sarki Louis na 14 yana ɗan shekara 9, Faransa kuma tana tsundum cikin Yaƙin Shekara Talatin, wanda bai ƙare ba sai 1648.

Kafin mu gane darajar aikin, sai mun san yadda ake yaƙin. Dakarun ƙasa kashi biyu ne: masu bindiga irin ta ɗuri, da masu dogon mashi da ya haura mita 4. Mai bindiga in ya harba sai ya ɗauki lokaci yana ɗura albarushi, a wannan tsakanin mahayan dawaki na iya tattake shi. Masu mashi su ne garkuwarsa. Saboda haka nasarar bataliya ta rataya ne a kan wa ya tsaya a ina, da yadda sahu zai juya ba tare da an cakuɗe ba. Hafsan da ya kuskure wannan lissafi, da rayukan mutanensa zai biya.

To, ta yaya za a nuna ɗaruruwan mutane iri biyu a shafi guda? In duka baƙar tawada ce, ido ba zai bambance su ba. Nan mai ɗab'in littafin, Estienne Migon, wanda malamin lissafi ne, ya kawo mafita. Ya jera ƙananan alamomi kamar yadda ake jera haruffan dalma, kowace alama tana wakiltar soja, aka buga wasu da baƙi, wasu da ja, a wasu shafukan har da rawaya. Kallo ɗaya hafsa zai yi ya ga inda kowane kashi yake.

Kada mu ɗauka abu ne mai sauƙi. Injin lokacin na hannu ne, kuma kowane launi sai an sake mayar da takardar cikinsa. In ta goce ko kaɗan, jan soja zai hau kan baƙi, sahun ya lalace, a yi asarar takarda mai tsada.

Buga cikakken hoto mai launi kuwa sai daga baya. Jacob Christoph Le Blon, haifaffen Frankfurt, shi ya gano cewa da faranti uku na tagulla, shuɗi da rawaya da ja, ana iya fitar da kusan kowane launi. Ya bayyana dabarar a littafinsa Coloritto a Landan a 1725, kamfaninsa ya karye, ya rasu a Paris a 1741. Dabarar ta yi tsada, shi ya sa ko littafin Mes Rêveries na babban janar Maurice de Saxe, bugun 1757, da hannu aka shafa wa zanensa launi.

A 1703 sojan Faransa ya ajiye dogon mashi, wuƙar bakin bindiga ta maye gurbinsa. Sahun da Lostelneau ya koyar ya zama tarihi, amma ɗakunan karatu na ci gaba da adana littafin.

Ga abin da ya shafe mu. Migon bai kashe kuɗin jar tawada don burgewa ba, ya kashe ne domin kada mai karatu ya ruɗe. Mu fa? Sau nawa muke cusa karin magana uku a sakin layi ɗaya, ko mu ɓata shafi biyu wajen siffanta falon Alhaji, alhali mai karatu bai ma gane wa ke magana ba? Mu koma kan rubutun da muke yi yanzu, mu tambayi kowane ado aikin da yake yi. Wanda ya kasa amsawa, mu cire shi.

Muna jiran ra'ayoyinku da gyararrakinku. Sai mako mai zuwa, in da rai da lafiya.