Intanet na zaren gilashi har cikin gida: yadda yake aiki da yadda ake zaɓen rauta

Mafi yawan 'yan Najeriya suna shiga intanet ne ta wayar hannu, da data da suke saya daga kamfanonin sadarwa. Sai dai a birane kamar Legas, Abuja da Fatakwal, kamfanoni suna jan layin zaren gilashi, wanda aka fi sani da faiba, har cikin gidajen mutane. Layin yana kawo sauri da daidaito, amma gida zai iya biyan kuɗi mai yawa ya kasa cin moriyarsa idan na'urar da ke rarraba intanet a cikin gidan, wato rauta, ba ta dace ba.

Mene ne faiba?

Faiba zare ne na gilashi mai tsabta, siriri kamar gashin kai, wanda ke ɗaukar bayanai ta hanyar haske maimakon lantarki. A shekarar 1966 ne Charles Kao da George Hockham suka nuna cewa gilashi mai tsabta zai iya kai saƙo nesa, aikin da ya sa aka ba Kao kyautar Nobel a 2009. Haske ba ya raunana da sauri kamar lantarki a wayar tagulla, kuma ruwan sama ba ya dagula shi.

Ba duk abin da ake tallatawa da sunan faiba ba ne ke kaiwa cikin gida. Wasu kamfanoni suna jan zaren zuwa turaku ko akwatin unguwa, sannan su ƙarasa da rediyo ko wayar tagulla. Cikakkiyar faiba ita ce wadda zaren ke shiga gidan ya ƙare a wani ƙaramin akwati mai suna ONT, wanda ke mayar da haske zuwa saƙon lantarki. Tambayar farko ga kowane kamfani ke nan: a ina zaren ya tsaya?

Tsarin da aka fi amfani da shi, GPON, yana ɗaukar kusan gigabit 2.5 a daƙiƙa wajen saukewa da 1.25 wajen ɗorawa, kuma gidaje da dama ne ke raba wannan adadi a kan zare ɗaya. Saboda haka sauri kan iya raguwa da dare, lokacin da kowa ke amfani da layin.

Matsayin Najeriya

Intanet na shigowa ƙasar ne ta manyan wayoyin ƙarƙashin teku, waɗanda suka haɗa da SAT-3, MainOne, Glo-1, WACS, ACE da kuma Equiano na kamfanin Google da ya iso Legas a 2022. Ranar 14 ga Maris, 2024, huɗu daga cikinsu sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, lamarin da ya kawo cikas ga bankuna da masu amfani da intanet a ƙasashe da dama.

Babban aikin da ya rage shi ne kai zaren daga gaɓar teku zuwa cikin ƙasa. Shirin Faɗaɗa Intanet na Ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin kaiwa kashi 70 cikin 100 na jama'a, da saurin megabit 25 a birane da 10 a karkara. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba. Daga cikin matsalolin da kamfanoni ke kokawa a kai akwai kuɗin izinin haƙa hanya, wanda aka amince ya zama Naira 145 kan kowace mita amma ba duk jihohi ke bi ba, sai kuma tsinkewar waya sakamakon aikin titi da ɓarna.

Kafin a biya kuɗi

Ana auna sauri da megabit, ana auna girman fayil da megabayit, kuma bit takwas ne ke yin bayit ɗaya. Layi mai megabit 100 zai sauke megabayit 12.5 ne a daƙiƙa, wato fayil mai gigabayit ɗaya zai ɗauki kimanin daƙiƙa 80. Kallon bidiyo mai kyawun hoto yana buƙatar kusan megabit 5, mafi kyawun hoto na 4K kuwa daga 15 zuwa 25. Gida mai mutum biyar da ke kallon bidiyo da karatu da taron aiki zai wadatu da megabit 50 zuwa 100.

Ya kamata a nemi sanin saurin ɗorawa, domin shi ne ke riƙe kiran bidiyo da aika manyan fayiloli. A kuma karanta sharuɗɗan tsarin da ake kira mara iyaka, tunda wasu kamfanoni na rage sauri bayan an kai wani adadi. Sauran tambayoyin su ne kuɗin girkawa, wanda ya mallaki na'urorin, da tsawon lokacin gyara idan waya ta tsinke. Maƙwabtan da ke kan layin sun fi takardar talla sanin gaskiyar lamarin.

Zaɓen rauta

Kamfanoni da yawa suna bayar da akwati ɗaya da ya haɗa ONT da rauta. Ga ƙaramin gida wannan kan isa. Mai son amfani da tasa rautar sai ya fara tambaya ko kamfanin ya yarda, kuma ko zai ba shi suna da kalmar sirrin shiga layin, ko ya saita akwatinsa ya zama gada kawai.

Abu na farko da za a duba shi ne ƙofofin waya. Tsofaffin rautoci masu araha suna da ƙofar megabit 100, kuma ko an sayi layin megabit 300, ba abin da zai wuce 100. Sai a nemi mai ƙofar gigabit.

Na biyu shi ne zangon Wi-Fi. Zangon 2.4 GHz yana tafiya nesa yana ratsa bango, amma ba shi da sauri sosai kuma cunkoso ya yi masa yawa. Zangon 5 GHz ya fi sauri, sai dai bango na rage masa ƙarfi. Rauta mai zango biyu ita ce mafi ƙarancin abin da ya dace da faiba.

Na uku shi ne zamani. Wi-Fi 6, wanda ya fito a 2019, ya fi Wi-Fi 5 iya ɗaukar na'urori da yawa a lokaci guda. Wi-Fi 7 ya zo a 2024, amma amfaninsa ba ya bayyana sai wayoyi da kwamfutocin gidan su ma sun san shi. Manyan lambobin da ake bugawa a jikin kwali jimillar dukkan zanguna ce, ba saurin da waya ɗaya za ta samu ba. A kuma tabbatar na'urar tana da amincewar Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC.

Wurin ajiyewa da wutar lantarki

Bangon bulo da dakalin kankare suna cinye siginar Wi-Fi. A ajiye rauta a tsakiyar gida, a wuri mai tsayi kuma a fili, ba cikin kabad ko bayan talabijin ba. Gidan bene ko mai sassa da yawa ya fi dacewa da tsarin rautoci biyu ko uku masu aiki tare da suna ɗaya. Haɗa su da wayar Cat5e ko Cat6, wadda ke kaiwa mita 100, ya fi barin su suna magana ta iska.

Zaren kansa ba ya ɗauke da lantarki, don haka idan wuta ta ɗauke, ONT da rauta suna mutuwa. Yawancinsu suna aiki da volt 12 kuma ba su cin wuta sosai, saboda haka ƙaramin batirin ajiya ko inbata zai riƙe su na sa'o'i.

Tsaro da kulawa

Ranar da aka girka rauta, a canza kalmar sirrin Wi-Fi da ta shafin saituna, domin wadda ta zo daga masana'anta sananniya ce. A kunna kariyar WPA3, ko WPA2 idan babu, a riƙa sabunta manhajar na'urar, a kuma ware wa baƙi nasu layin daban.

Ba a lanƙwasa zaren faiba sosai, kuma ba a leƙa bakinsa, domin hasken da ke ciki ido ba ya ganinsa amma yana iya cutar da shi. Jar fitila mai alamar LOS a jikin ONT tana nufin haske ba ya isowa, kuma gyaran na kamfani ne. Don gane inda matsala take, a gwada sauri da kwamfuta da aka haɗa da waya kai tsaye. Idan saurin ya cika a nan, laifin na Wi-Fi ne; idan bai cika ba, sai a kai ƙorafi ga kamfani. Wanda bai gamsu da amsar kamfanin ba yana iya kiran NCC kyauta a lamba 622.