Daga Duba-gari Zuwa Digiri: Yadda Kula da Muhalli Ya Zama Sana'a a Nijeriya

Duk shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen sababbin ɗalibai, akwai yaran da suka nemi likitanci ko haɗa magunguna, sai su tarar an tura su sashen kula da muhalli. Tambayar da ke jiransu a gida ba ta canzawa: "To, in ka gama, shara za ka riƙa kwashewa?" Sau da yawa yaron ma ba shi da amsa. Amsar kuwa tana cikin tarihi, domin kusan kowace kujerar aikin muhalli a ƙasar nan wata masifa ce ta haife ta, kuma aikin ya riga digirin zuwa da shekaru masu yawa.

Kakanninmu sun san ma'aikacin muhalli tun zamanin En'e, sai dai da wani suna: duba-gari. Shi ne mai leƙa randa ko akwai tsutsar sauro, ya duba masai da kwata da mahauta, wanda ya samu da ƙazanta kuma ya kai shi gaban alƙali a ci shi tara. Tsoffi kan ba da labarin yadda unguwa ke rikicewa da shara da zubar da tsohon ruwa da zarar an hango shi. A 1932 aka buɗe makarantar koyon aikin tsafta a Kano domin horar da irinsa, kuma har yau tana nan. Abokin tafiyarsa shi ne malamin daji, mai tsaron gandun daji da kama wanda ya sare itace ba izini. Talaka bai ɗauke su masana ba. Hukuma ya ɗauke su, ya ji tsoronsu kamar yadda yake tsoron ɗan doka, kuma wannan kallon bai gama barin sana'ar ba.

Masu ilimin littafi na lokacin Turawa ne, su ma kansu bai haɗu ba. A 1935 wani masanin daji ɗan Birtaniya, E. P. Stebbing, ya wallafa cewa Sahara na gangarowa kudu za ta cinye Arewacin Nijeriya. Maganar ta tayar da hankali har Ingila da Faransa suka haɗa kwamitin da ya zagaya kan iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937, ya dawo ya ce bai ga hamadar tana tafiya yadda aka zuzuta ba. Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen ilimin gandun daji a 1963, amma a Arewa sassan labarin ƙasa ne suka riƙe fannin. Farin 1972 zuwa 1974, wanda ya ƙarar da dabbobi ya kori mutane daga ƙauyukansu, shi ya mayar da gardamar Stebbing batun rai da mutuwa. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello sannan a Bayero, ya shafe shekaru yana bin manoman ƙasar Kano da na can arewa maso gabas gona-gona. Abin da ya gano ya saɓa wa zaton ofis: inda mutane suka fi yawa, kamar karkarar da ke kewaye da birnin Kano, manomi ya fi tattalin gawo da ɗorawa da tsamiyar gonarsa, ya fi kai taki. Wato wanda malamin daji yake ci tara yana da ilimin da ya kamata a zauna a koya.

Duk da haka har ƙarshen shekarun 1980 Nijeriya ba ta da wata hukuma ta tarayya mai haƙori a kan muhalli. Garin Koko ne ya sauya wannan. Tsakanin 1987 da 1988 wani ɗan kasuwa ɗan Italiya ya shigo da gangunan sharar masana'antu mai guba, tan dubu uku da ɗoriya, ta wannan ƙaramar tashar jirgin ruwa da ke jihar Delta ta yau. Ya jibge su a filin wani magidanci da yake biya dala 100 a wata. Gangunan suka yi ta tsatsa a rana da ruwan sama, suna yoyo, mutanen gari ba su san abin da ke ciki ba. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya ne suka ga labarin a jaridun can suka aiko gida. Gwamnatin Janar Babangida ta janye jakadanta daga Rum, ta tsare wani jirgin Italiya a Legas, har aka kwashe gubar aka mayar. Ma'aikatan da suka yi lodin, da yawansu sun ƙone ko sun kwanta ciwo.

Abin kunyar shi ne sai da aka nemi ƙwararru daga waje su taya tantance gubar. Kafin shekarar ta ƙare an yi doka mai lamba 42 da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan shara, da doka mai lamba 58 da ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. A 1992 aka ƙara doka mai lamba 86, wadda a ganina ita ce ta fi kowace samar wa masu wannan digiri abinci. Ta ce kafin a gina babbar madatsa ko hanya ko masana'anta, dole a auna abin da aikin zai yi wa ruwa da iska da ƙasa da mutanen wurin, a rubuta rahoto. Daga nan aka samu kamfanonin da sana'arsu ke nan: ɗibar ruwa da ƙasa zuwa ɗakin gwaji, ƙirga itatuwa, zana taswira, zama da masu unguwanni. Ko ana bin rahoton bayan an karɓi takardar izini, wannan wata magana ce. Wanda ya taɓa shaƙar ruwan da ke fitowa daga majemun Challawa da Sharaɗa yana da nasa ra'ayin.

Sauran hukumomin sun biyo a jere: ma'aikatar muhalli ta tarayya a 1999, majalisar yi wa jikokin duba-gari rajista a 2002, hukumar malalar mai a 2006, NESREA a 2007. Jami'o'i suka bi sahu. A nan akwai tarkon da mai cike takardar JAMB ya kamata ya sani. Tsangayar da ke ɗauke da sunan muhalli a Jami'ar Ahmadu Bello ta masu zanen gini ce da tsara birane. Wanda yake son gwajin ruwa da guba da zaizayar ƙasa, sashen kula da muhalli irin na Bayero yake nema, ko na Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta, inda ake haɗa shi da ilimin guba. Lafiyar muhalli kuma reshe ne daban mai lasisinsa.

Sai Zamfara. A farkon 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, maganin zazzaɓi kuma ba ya yi musu komai. Dalma ce. Farashin zinariya ya tashi, mutane na kawo dutsen ma'adini cikin gida, ana niƙa shi da injin niƙan hatsi, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara sama da 400 suka rasu. Likita na iya ba da maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma idan yaro ya koma gidan da ƙasarsa ke da guba, an yi aikin banza. Don haka MSF ta ƙi fara magani a ƙauyen da ba a tsabtace ba. Sai an auna kowane tsakar gida da na'ura, an kankare ƙasar sama, an binne ta a rami na musamman, an zubo sabuwa. Wani kamfani daga jihar Idaho ta Amurka ne ya jagoranci aikin, shekara 22 bayan Koko, yana horar da ma'aikatan jihar. Bagega, wadda ta fi kowane ƙauye yawan jama'a a cikinsu, ta jira kuɗin gwamnatin tarayya har 2013. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Yau guraben sun fi na da yawa, ko da yake ba su kai yawan masu digirin ba. Akwai hukumar ganuwar itatuwa da aka kafa a 2015, akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, a jihohin Arewa 19 da Abuja. Kamfanonin siminti da na mai da na gine-gine na ɗaukar jami'an kiyaye lafiya da muhalli, ƙungiyoyin agaji na neman masu aikin ruwa da tsafta. Waɗanda suka fi saurin samun shiga su ne masu abin yi a hannu bayan takardar: wanda ya iya zana taswira da kwamfuta, ko ya iya aikin ɗakin gwaji, ko ya iya zama da masu haƙar zinariya ya yi musu bayanin dalma da Hausar da za su yarda da ita. A Zamfara, bayan an gama kankare ƙasa, aikin da ya rage shi ne shawo kan mahaƙa su daina kai dutse gida, su niƙa shi da ruwa a wajen gari, su wanke jiki su sauya tufafi kafin su ɗauki 'ya'yansu.