Waliyyi Joji da Tutar Ingila: Amsa ga Mai Sayar da Gwanjo

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa mai sayar da gwanjo a Funtuwa. Ya ce in ya ɓalle dila yakan tarar da riguna masu farar tuta da jan gicciye. Wasu masu saye su ce alamar asibiti ce, wasu su ce ta coci ce, su ajiye rigar su wuce. Ga shi kuma ƙanensa da ke karatu a Ingila ya gaya masa akwai ranar da ake kafa tutar don wani waliyyi, amma shi ƙanen ba ya sakin jiki in ya gan ta a ƙofar gidan mutum. Shi ne yake tambaya: wane ne waliyyin, kuma tutar ta zumunci ce ko ta ƙiyayya?

To Malam, mun gode. Sai ka gyara zama, don maganar tana da ɗan tsawo.

Da farko mu raba Ingila da Birtaniya, don mu nan mukan haɗa su. Birtaniya tsintsiya ce mai ƙasashe 4: Ingila, Sikotilan, Wels da Ayalan ta Arewa. Ingila ce babbarsu. A ƙidayar 2021 tana da mutum wajen miliyan 56 da rabi, cikin kimanin miliyan 67 na ƙasar duka. Kowace tana da waliyyin da Kiristocinta suka ɗauka a matsayin majiɓincin ƙasa. Na Ingila shi ne Joji, ranarsa 23 ga Afrilu, kuma tutar da kake gani a rigunanka tasa ce.

Abin mamaki, Joji ba Bature ɗan Ingila ba ne, bai ma taɓa taka ƙasar ba. Abin da Kiristoci suka gada shi ne, soja ne a rundunar Rum, mahaifinsa mutumin Kafadokiya a ƙasar Turkiyya ta yau, mahaifiyarsa kuma 'yar Falasɗinu. An ce an kashe shi a shekarar 303, zamanin Sarkin Rum Diyokilishiyan, saboda ya ƙi barin addininsa ya bauta wa gumakan sarki. Kabarin da ake dangantawa da shi yana garin Lidda, wanda Larabawa ke kira Lud. Ka ga ke nan ya rigayi zuwan Musulunci da shekaru 300 da 'yan kai. Larabawa suna kiransa Jirjis, har malamin tarihi Ɗabari ya kawo labarinsa. A kusa da Baitalami akwai wani ƙauye, Alkhadir, inda Kiristoci da Musulmin wurin suka daɗe suna ziyartar wurin ibadar da ke ɗauke da sunansa. Manoma kuma ku ji wannan: a harshen Girka, asalin ma'anar sunan Joji ita ce manomi.

Labarin da ya fi ɗaukaka sunansa daga baya aka ƙara shi. Wajen shekarar 1260 wani malamin coci ɗan Italiya ya tara labaran waliyyai a littafi guda, ya kawo cewa akwai wani gari a Libiya da dodo ya tsare musu tafki. Kullum sai an ba shi tumaki biyu. Da tumaki suka yi ƙaranci aka koma ba shi mutane ta hanyar ƙuri'a, ran nan ƙuri'a ta faɗa kan 'yar sarki. Joji ya iso a kan doki, ya soke dodon da mashi, daga baya ya kashe shi. Na san mutanen Daura sun fara murmushi, don sun tuna Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu. Labaran sun yi kama: baƙo, ruwa, da abin da ya hana mutane sha. Bambancin dai, Bayajidda ya auri sarauniya, shi kuwa Joji an ce dukiyar da aka ba shi ma talakawa ya sa aka raba wa, ya kama hanyarsa.

To yaya aka yi baƙo ya zama na gida? Ta hanyar yaƙi. Lokacin yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya, mayaƙan Turai sun yaɗa cewa ya bayyana ya taimake su a Antakiya a 1098, sai sunansa ya zama kirarin soja. Ingila a lokacin tana da nata waliyyan na gida, irin su Sarki Edmon da mahara daga arewacin Turai suka kashe a 869, da Sarki Edwad mai ibada da ya rasu a 1066. Amma Sarki Edwad na Uku, da yake yaƙi da Faransa, soja yake so, ba mai zaman ɗaki ba. A 1348 ya kafa ƙungiyar jarumai ta Gata a ƙarƙashin sunan Joji. Majami'ar ƙungiyar tana fadar Winza, can aka binne Sarauniya Elizabet ta Biyu a 2022. A 1415 kuma, shekarar da Ingila ta ci Faransa a yaƙin Ajinko, babban limamin Kantabari ya sa ranar cikin manyan bukukuwan coci.

Iyayenmu ma sun zauna a ƙarƙashin wannan gicciye. A 1606 aka haɗa shi da na Andarawus, waliyyin Sikotilan, a 1801 aka ƙara na Fatirik na Ayalan, aka sami tutar Birtaniya. Ita ce aka sauke a Legas ranar 1 ga Oktoba 1960. Lambar girmamawar da aka kafa a 1818, wadda aka riƙa ba gwamnonin mulkin mallaka irin su Lugga, ita ma da sunan Mika'ilu da Joji take.

Sai dai bikin ya yi sanyi. Sarki Henri na Takwas ya raba gari da Paparoma a 1534, sabuwar aƙidar da ta biyo baya kuma ba ta son yawan girmama waliyyai. Da aka haɗe da Sikotilan a 1707, daula ta yi faɗi, mutanen Ingila suka koma kiran kansu 'yan Birtaniya. Mai rinjaye a gida ba ya damuwa da tambarin ɗakinsa, ƙanana ne ke riƙe nasu kam-kam. Shi ya sa ranar Fatirik, 17 ga Maris, take hutu a Ayalan tun 1903, ranar Andarawus, 30 ga Nuwamba, ta shiga jerin hutun Sikotilan a 2007, amma ranar Joji ba hutu ba ce a Ingila. Jam'iyyar Leba ta yi alkawarin hutun a zaɓen 2017, ba ta ci zaɓen ba. Ran nan kowa yana wurin aikinsa, sai dai addu'a a coci, da faretin yara 'yan sikawut, da wasanni a dandalin Tirafalga na Landan.

Ƙwallo ce ta farfaɗo da tutar. Da Ingila ta ci kofin duniya a 1966, yawancin 'yan kallo tutar Birtaniya suka ɗaga. A gasar Turai ta 1996, inda aka haɗu da Sikotilan a fili, sai jan gicciye ya cika wuri. A 1999 Sikotilan da Wels suka sami majalisunsu, Ingila ba ta samu ba, mutane suka fara tambaya: mu fa su wane ne? A ƙuri'ar 2016 Ingila ta zaɓi fita daga Tarayyar Turai da kashi 53 cikin ɗari, Sikotilan ta zaɓi zama da kashi 62. Ka ga tsintsiya ta fara sassautawa.

Yanzu ga damuwar ƙanenka, kuma ba ta banza ba ce. Ƙungiyoyi masu ƙin baƙi sun riƙa yawo da wannan tuta, musamman wata da aka kafa a 2009 don adawa da Musulmi. A 2025 ma an yi ta ɗaura ta a turakun fitilun titi a garuruwa da dama, wasu suka ce kishin ƙasa ne, wasu suka ce gargaɗi ne ga baƙi. Amma ƙidayar 2021 ta nuna akwai Musulmi miliyan 3.9 a Ingila da Wels, da yawansu can aka haife su, ba su da wata ƙasa sai ita. Bukayo Saka, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, a ƙarƙashin tutar yake buga wa Ingila. Da ya ɓarar da fanareti a wasan ƙarshe na gasar Turai a 2021 wasu sun zage shi saboda launin fatarsa, wasu masu ɗimbin yawa kuma suka tsaya masa. Tutar ɗaya ce, masu riƙe ta ne iri-iri. Saboda haka ƙanenka ya dubi halin mai gidan kafin ya yanke hukunci, ya kuma kauce wa taron da ya ga ana ihu.

Batun rigunanka kuwa, ba alamar asibiti ba ce. Ta masu agaji, wadda aka amince da ita a 1864, gicciyenta gajere ne, daga tutar Suwizalan aka juya launinsa. Na Joji yana kaiwa baki da baki. Asalinsa na addinin Kirista ne, kada ka ɓoye wa mai saye. A jikin rigar ƙwallo kuwa ƙungiyar Ingila yake nufi. Faɗa masa duka biyun, ka bar shi da zaɓinsa.

Da fatan Malam ya gamsu. A gaida mutanen Funtuwa, Allah ya ba da kasuwa. Sai mun ji daga gare ku.