Kallon kyauta da damar mai da magana: daga Ayoru zuwa sinimar ƙauye a Nijar

Duk wanda ya taɓa rubuta takardar neman tallafi don kai sinima ƙauye ya san jimlar da ake sawa a sahun farko. Za a nuna fim kyauta, jama'a su ga yadda wasu al'ummu suke rayuwa, daga nan fahimtar juna ta samu. Jimlar ta daɗe tana yawo, har ta zama kamar ba ta bukatar hujja. A cikin wannan takarda muna so mu auna ta da tarihin ƙasarmu, domin tun shekarun 1950 Nijar ta ga kallon kyauta iri-iri: na masu bincike, na cibiyoyin al'adu, na masu shirya fim su kansu, da na ƙungiyoyi. Ra'ayinmu shi ne, kyautar ba ta taɓa isa ba ita kaɗai. Inda aka samu fahimta, za mu tarar ƴan kallo sun samu damar mai da magana, kuma maganar tasu ta canza wani abu.

Daren Ayoru

A 1951 Jean Rouch ya ɗauki hoton farautar dorina da Sarkawa suke yi a kogin Isa, a yankin Ayoru. Daga nan aka harhaɗa fim ɗin Bataille sur le grand fleuve a Faransa. A farkon 1954 ya komo da shi, tare da Damouré Zika da Illo Gaoudel, aka kafa farin ƙyalle a Ayoru, aka tada injin wuta, aka haska wa mutanen garin. Ba tikiti, ba kujera. Bisa ga yadda Rouch ya riƙa ba da labarin daga baya, da farko hankalin mutane ya fi tafiya wajen na'urar da haskenta. Sai da suka fara gane fuskoki, har da na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a tsakanin ɗaukar hoton da nuna shi, sannan kallo ya kama. An maimaita fim ɗin sau da yawa a daren.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa muke tuna wannan dare. Maharban sun yi gyara. Rouch ya ɗora kiɗan maharba a kan wurin da ake bin dorina a ruwa, don ya ƙara wa kallon armashi, kamar yadda ake yi a sinimar Turai. Su kuwa suka ce wannan kuskure ne: farautar dorina a cikin shiru ake yin ta, dabbar tana ji a ƙarƙashin ruwa, kiɗa kuma ƙarfin zuciya zai ba ta. Ga Bafaranshe, kiɗan yana wajen labari, ado ne da aka yi wa mai kallo. Ga Basarke, duk sautin da ke cikin hoton yana cikin kogin, dorina ma tana jin sa. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, kuma babu littafin da zai koya wa Rouch shi. Ya karɓi gyaran, kuma ya ce daga nan ya shiga taka-tsantsan da ɗora kiɗa a kan aikin mutane.

Fina-finai biyu suka fito daga hirar wannan dare. Wani maharbin zaki, Tahirou Koro, ya ce a zo a ɗauki tasu farautar ta baka da kibiya, abin da ya zama La Chasse au lion à l'arc, wanda aka kammala a 1965. Damouré kuma ya ce su yi fim na ƙirƙira, su taka rawar ƴan ci-rani masu zuwa Gwalkwas, watau Gana ta yau. Shi ne Jaguar, da aka fara ɗauka a 1954, ya fito a 1967. Rouch ya raɗa wa wannan hanya suna «anthropologie partagée», ma'ana binciken da ake yi tare da waɗanda ake bincika. Ana iya muhawara a kan iyakar wannan tarayya, tun da kamara da kuɗi da ɗakin harhaɗawa duk a hannun mutum ɗaya suke. Amma dai a wannan dare, wanda ya zo nunawa shi ya koma da darasi.

Mu kwatanta da abin da ya faru a Paris a 1955. Rouch ya nuna Les Maîtres fous a Musée de l'Homme, fim a kan ƴan Hauka, mutanen Nijar mazauna Akra waɗanda iskokinsu suke hawa da siffar gwamna da hafsoshin Turawa. Ƴan kallo masu ilimi ne, malamai da ɗalibai. Ɗaliban Afirka suka fusata, suna ganin an tozarta baƙar fata, Marcel Griaule ya nemi a lalata fim ɗin, Ingilishi kuma suka hana nuna shi a Gwalkwas don sun ga da su ake. Kowa ya ga abin da yake tsoro. Waɗanda aka ɗauka a hoton, su da za su iya cewa ga ma'anar abu kaza, ba sa cikin ɗakin.

Wa ke biyan kyautar?

Kallon kyauta yana da mai biya, ko da ɗan kallo bai san shi ba. Don a gane yadda fim ɗin ƴan Afirka ya zama kayan kyauta, sai a koma baya kaɗan. Dokar Laval ta 1934 ta sa ba mai ɗaukar fim a ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka sai da izinin gwamna. Gidajen sinima kuma, da hanyar kawo musu fina-finai, suna hannun kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, kuma haka suka ci gaba bayan samun ƴancin kai a 1960. Kayansu su ne na kaboyi da na Indiya da na Masar, daga baya na ƴan Sin masu faɗa. Ba su da wata riba a fim ɗin ɗan ƙasa.

A 1963 ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa ta buɗe ofishin sinima a ƙarƙashin Jean-René Debrix. Hanyar tallafinsa ita ce ta fi shafar zancenmu: ofishin yana sayen haƙƙin nuna fim ba don kasuwanci ba, sau da yawa tun kafin a gama shi, mai fim ya samu kuɗin kammalawa, kofe kuma su shiga cibiyoyin al'adu na Faransa da makarantu. Ba don wannan tsari ba, da yawancin fina-finan farko ba su kammalu ba. Sai dai ya raba ƴan kallo gida biyu. Talakan birni yana biyan kuɗinsa ya ga kaboyi, ɗan lakkal da ma'aikaci suna shiga cibiya kyauta su ga fim ɗin ƙasarsu. Manthia Diawara ya yi nazarin wannan tarko a littafinsa na 1992 a kan siyasar sinimar Afirka. Abin da za mu ƙara shi ne, ƙofar da ba a biya ma tana tace mutane. Wanda bai ji Faransanci ba, ko matar aure ta cikin unguwa, ba tikiti ne ya tsare su ba.

Duk da haka cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, wadda aka kafa a Yamai a 1963, ta yi abin da ya wuce nuni. Ƙungiyarta ta masu son sinima, inda Serge Moati ya koyar, ta mai da wasu ƴan kallo masu shirya fim. Oumarou Ganda, tsohon sojan Indoshin, ɗan dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, wanda ya fito a Moi, un noir na Rouch a 1958, a nan ya rubuta Cabascabo, aka nuna shi a Cannes a 1969. Labarin sojan da ya komo daga Indoshin ne, wannan karo daga bakin mai shi. Muna ganin wannan ita ce amsa mafi cika da wani ɗan Nijar ya mai wa Rouch: ya karɓi kamara. Fim ɗinsa na gaba, Le Wazzou polygame, shi ya ci babbar kyautar FESPACO ta farko a 1972, bukin da shi ma ya faro a Wagadugu a 1969 da kallon kyauta.

Akwai abin da mu mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa ya kamata mu lura da shi. Waɗannan fina-finai biyu na Ganda da Zabarmanci aka yi su, fassarar da ke ƙasan hoto kuma da Faransanci. Ga manomin Gobir ko na Adar, fim ɗin Yamai ma fim ne na wata al'umma, yana bukatar tafinta kamar na Dakar. Idan ana zancen fahimtar juna tsakanin al'adu, hankali yakan tafi Turai da Afirka, alhali ratar da ke tsakanin gabas da yammacin ƙasa ɗaya tana nan. Kuma ko inda harshe ɗaya ne, gani ba ya tabbatar da ganewa. Zalika Souley, wadda ta fito a fina-finan Ganda da na Moustapha Alassane, ta sha zagi a titi saboda halayen matan da ta taka, kamar yadda ta faɗa a Al'lèèssi na Rahmatou Keïta, na 2004. Mutane sun ga fim, ba wanda ya zauna da su a kan bambancin mai wasa da abin da take wasa.

Tafinta da mai komowa

A tsallaken iyaka, a arewacin Nijeriya, Ingilishi sun daɗe da motar majigi mai nuna fim kyauta a ƙofar fada, da ma'aikaci mai bayani da Hausa. Tafinta yana nan, amma magana hanya ɗaya take bi, daga hukuma zuwa talaka: tsabta, noman auduga, biyan haraji. A Nijar, gwajin da ya fi kusa da darasin Ayoru a rediyo aka yi shi. Ƙungiyar Radio-clubs, da aka kafa a 1962, tana tara mutane su saurari shiri, su tattauna, a ɗauki muryarsu a kai gidan rediyo. Sinima ba ta samu irin wannan tsari daga gwamnati ba.

Wanda ya ɗauki nauyin abin da kansa shi ne Moustapha Alassane. Tun yana yaro yake haska zane-zanensa da fitila yana tara ƴan kallo, kafin ya haɗu da Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren. Le Retour d'un aventurier, na 1966, nazari ne a kan ɗan kallo: saurayi ya komo da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka ɗauki sunayen Amurkawa, suka hargitsa garinsu. Ba mu san wata takardar jami'a da ta fi wannan fim bayyana abin da hoton baƙi ke yi idan ya sauka ba mai tarbarsa da magana. Alassane ya zauna a Tawa, ya riƙe masauki, ya ci gaba da zane, ya kuma riƙa ɗaukar na'ura a mota yana kai wa mutane fim inda suke. Ya rasu a 2015.

A shekarun 1990 ƙasa ta juya. Karyewar darajar kuɗin sefa a Janairun 1994 ta tsananta tsadar kawo fim, gidajen sinima suka riƙa rufewa, kaset ɗin bidiyo ya shigo. Fina-finan Hausa na Kano, da suka faro a 1990, sun cika Maraɗi da Damagaram ba tare da tallafin kowa ba, kuma mutane suna biya da son ransu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kuɗin shiga ba shi ne babban shinge ba.

A 2003 ƙungiyar Cinéma Numérique Ambulant, wadda aka kafa a Faransa a 2001, ta fara aiki a Nijar. Kayanta mota ce da injin wuta da allo da na'urar haskawa. Daren kallo yakan fara da ɗan gajeren fim na ban dariya, sannan fim na wayar da kai, sai muhawara, a rufe da dogon fim na Afirka, mai gabatarwa tana fassarawa da harshen garin da makirfo a hannu. Abin da ya fi burge mu a tsarin shi ne komowa: ƙauye goma ake zaɓa, a je kowanne sau goma cikin ƴan watanni. Wanda ya ji kunyar magana a daren farko yana iya yi a na huɗu, kuma wanda bai yarda da abin da ya gani ba ya san motar za ta dawo. Rauninsa kuma a fili yake. Masu ba da kuɗi sun fi sha'awar fim ɗin tsakiya, na rigakafi ko rajistar haihuwa ko karatun ƴaƴa mata, don haka muhawarar takan tsaya a kansa, dogon fim ɗin Mali ko na Burkina ya zama tukuicin wanda ya yi haƙuri ya zauna. Ta wannan ƙofa majigi ya sake leƙowa.

Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙwanni a Fabrairun 2004, aka binne shi a Yamai, cibiyar al'adun ta ɗauki sunansa. A 2017 gwamnati ta sa Ayoru cikin yankunan dokar ta-ɓaci saboda hare-hare. Bayan juyin mulkin 2023 da ɓacin dangantaka da Faransa, cibiyar ta daina zama ta ƙasashe biyu, a 2024 aka sake mata suna Moustapha Alassane. Sunan ya dace da mai shi. Sai dai kofe da haƙƙin nuna da yawa daga fina-finan da muka ambata sun bi hanyar da aka shata a 1963, suka taru a ma'ajiyoyin Faransa. Haka ma aikin masu bincike a ƙasar Hausa, kamar Noces de feu da Nicole Échard ta ɗauka a wajen maƙeran Adar masu narka tama. Tattaunawa a kan komo da waɗannan kofe, da yi musu fassarar Hausa, aiki ne da sassan jami'o'inmu za su iya farawa, kuma jikokin maƙeran nan suna Adar, a jihar Tawa.