Nancy Faust

Nancy Faust (an haife ta ranar 11 ga Maris, 1947) makaɗiya ce 'yar ƙasar Amurka wadda ta yi suna da kaɗa ogan a filin wasan ƙwallon besbol. Ita ce makaɗiyar ƙungiyar White Sox ta birnin Shikago daga 1970 zuwa 2010, wato kakar wasa 41, kuma ta kaɗa a wasanni fiye da 3,000. Ana yawan danganta mata asalin al'adar yi wa kowane ɗan wasa takensa idan ya fito bugun ƙwallo, al'adar da ta game filayen besbol na Amurka a yau.

Rayuwar farko

A Shikago aka haife ta, a can kuma ta tashi. Mahaifiyarta ƙwararriyar makaɗiya ce, a wurinta ta fara koyon ogan tana da shekara huɗu. Ogan kayan kiɗa ne mai madannai irin na fiyano, amma sautinsa ya fi kauri, yana kuma daɗewa muddin ba a ɗaga yatsa ba. Har da ƙafa ake taka wasu madannansa. Da kunne ta fi kaɗawa: ta ji waƙa sau ɗaya ko biyu, sai ta maido ta. Ta yi sakandare a makarantar Roosevelt, sannan ta karanta ilimin halayyar ɗan'adam a kwalejin North Park, duk a cikin birnin.

Aiki da White Sox

Ba ita ta fara shigar da ogan filin besbol ba. Tun 1941 aka kaɗa shi a filin Wrigley, gidan ƙungiyar Cubs da ke arewacin Shikago, kuma a 1942 Gladys Goodding ta fara kaɗa wa Dodgers a Brooklyn. Sai dai aikin makaɗan wancan zamani bai wuce taken ƙasa da tsofaffin waƙoƙi ba, don cike shirun da ke tsakanin zagaye da zagaye. Besbol wasa ne mai yawan dakatawa: a jefa ƙwallo, a tsaya, a sauya mai bugu, a sauya mai jifa.

A 1970 wani jami'in White Sox, Stu Holcomb, ya ɗauke ta aiki tana da shekara 23. Shekarar ba ta yi wa ƙungiyar kyau ba, domin an doke ta sau 106, kujerun filin Comiskey kuwa galibi ba kowa. An ajiye ogan ɗinta a can ƙuryar filin, a tsakiyar 'yan kallo, kuma wannan ya zame mata alheri. Mutane sukan zo su tsaya kusa da ita, su roƙi waƙa, su ba ta shawarar abin da ya dace da wane. Daga baya aka maido ta kusa da wurin bugu.

Abin da ya bambanta ta shi ne ta mai da kiɗan sharhi a kan wasan. Takan ɗauko waƙoƙin da ake yayi a rediyo, ta haɗa su da sunan ɗan wasa, ko garinsu, ko lambar rigarsa, ko halinsa, kamar dai yadda makaɗi ke yi wa ɗan dambe take. Harold Baines, wanda aka sani da rashin magana, waƙa a kan mutum mai kunya take kaɗa masa. Wani lokacin habaici ne ga baƙi, sai wanda ya san baitocin waƙar zai gane ya yi dariya. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi ake yin sa, ba shiri, idonta na kan fili, hannuwanta na kan madannai.

Mai sharhin wasanni Harry Caray, wanda ya koma White Sox a 1971, yana yawan ambatonta a rediyo da talabijin. Caray yakan rera "Take Me Out to the Ball Game" a ɗakinsa idan ta kaɗa ta a tsakiyar zagaye na bakwai, lokacin da 'yan kallo ke miƙewa su warware jiki. A 1976 mai ƙungiyar, Bill Veeck, ya sa aka haɗa muryarsa da lasifikar filin, jama'a suka riƙa amsawa. Da Caray ya koma Cubs a 1982 ya tafi da al'adar, har mutane da yawa suka ɗauka a Wrigley aka fara ta.

Waƙar sallama

A 1977 White Sox ta yi ta kai ruwa rana da Royals ta birnin Kansas a kan jagorancin rukuninsu. A watan Yuli, lokacin da aka cire mai jifan Royals daga wasa, Faust ta kaɗa "Na Na Hey Hey Kiss Him Goodbye", waƙar ƙungiyar mawaƙa ta Steam da ta fito a 1969. Filin gaba ɗaya ya ɗauka, ana raka mutumin da waƙar sallama har ya fice. White Sox ba ta ci rukunin ba, ta uku ta zo, amma waƙar ta zauna. Kamfanin Mercury ya sake fitar da faifan, an kuma ba Faust kyautar faifan zinariya. Yanzu ana rera ta a filayen wasanni iri-iri, har a wajen Amurka, duk lokacin da ake so a yi wa wanda aka kayar ba'a.

Sauran ayyuka

Ta kaɗa wa Bulls ta ƙwallon kwando da Blackhawks ta hokin ƙanƙara, duk a Shikago. A White Sox wasanni biyar kacal suka wuce ta a tsawon shekarun da take kaɗa kowane wasan gida, su ma saboda haihuwar ɗanta ne. Mai son dabbobi ce. Wata jaka da aka kawo filin a matsayin kyautar 'yan kallo a zamanin Veeck, a gidanta ta ƙare.

Ritaya da dawowa

Ƙungiyar ta koma sabon fili a 1991, kuma tun daga shekarun nan waƙoƙin faifai da manyan allunan bidiyo suka fara cinye lokacin ogan. 'Yan wasa suka koma zaɓen takensu da kansu, ana saka musu ta na'ura. Al'adar da ta taimaka wajen kafawa ita ce ta rage mata aiki. Tana nan lokacin da White Sox ta ci gasar World Series a 2005, karon farko tun 1917. Daga 2006 ta koma kaɗa wasannin rana kawai, ta yi wasanta na ƙarshe ranar 3 ga Oktoba, 2010.

Bayan haka ta kaɗa wa ƙaramar ƙungiyar Kane County Cougars a wasu ranakun Lahadi. A 2018 aka shigar da ita Shrine of the Eternals, jerin karramawa na mutanen da suka bar tarihi a besbol. A 2025, shekarar da White Sox ke bikin cika shekara 125, ta gayyato ta ta sake kaɗawa a wasu wasannin Lahadi, tana da shekara 78.