Abincin mai juna biyu a farkon watanni ukun ƙarshe

Watanni ukun ƙarshe na goyon ciki suna farawa ne daga mako na 28, wato wajen wata na bakwai. A lokacin nauyin ɗan tayi bai wuce kilo ɗaya ba, kuma yakan ninka har sau uku kafin haihuwa. Saboda haka uwa na bukatar ƙarin kusan kalori 450 a kullum.

Babbar matsala ita ce ƙarancin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar shan sinadarin ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid miligiram 0.4 kowace rana, su ne ƙwayoyin ƙarin jinin da ake bayarwa wurin awo. Shayi na hana jiki zuƙar ayon, lemu da gwaba kuwa suna taimaka masa. Inda abinci ke da ƙarancin kalsiyam, hukumar ta ce a ƙara giram 1.5 zuwa 2 a rana don rage haɗarin hawan jinin da ke kaiwa ga jijjiga.

A ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, tuwon masara da na dawa ne cimar yau da kullum. Suna ƙosarwa, amma ba su isa su kaɗai ba. Wake, gyaɗa, awarar waken suya, zogale, nono da kifin madatsar Tiga suna cike gurbin. Camfin hana mai ciki cin ƙwai ba shi da tushe.

Ƙwannafi na yawaita a wannan lokaci, don haka cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi.